Yadda ake gane nauyin mai binciken magani: tambayoyi da amsoshi daga Idi-Araba

Wanda ke zaune a Idi-Araba ba ya wuni bai ga masu fararen riguna ba. Taku kaɗan ne tsakanin unguwar Hausawa da asibitin koyarwa na LUTH da Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas, amma abin da ake yi a ɗakunan gwaje-gwajen da ke ciki ya fi Kano nisa ga yawancinmu. Duk sanda jarida ta ce wani farfesa ya buga maƙala ɗari uku, ko ya shiga sahun manyan masana kimiyya na duniya, sai tambayoyi su taso: daga ɗalibai, daga masu kemis a Agege, daga iyayen da ke biyan kuɗin makaranta. Na tattara waɗanda aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da na gani a bakin aiki.

Malam, wane irin aiki ne ma wannan? Ba likita ba ne?

Wani likita ne, wani kuma bai taɓa duba marar lafiya ba. Fanni biyu ake magana a kai. Na farko ilimin ƙananan ginshiƙan halitta, wato DNA da RNA da furotin: yadda aka rubuta umarnin gina jiki, da yadda ƙwayar halitta ke karanta shi. Na biyu ilimin aikin magani, famakoloji: abin da magani ke yi wa jiki, da abin da jiki ke yi wa magani, daga haɗiya har hanta ta sarrafa shi ƙoda ta fitar.

Sikila ce misalin da kowa zai gane, tunda cibiyar kula da masu ita tana nan daura da LUTH. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. A 1957 Vernon Ingram ya gano bambancin bai wuce tubali ɗaya ba, a gurbi na shida na sarƙar furotin ɗin. Harafi ɗaya ne ya sauya a DNA, ga wahalar da ake sha. Wannan aikin fanni na farko ne. Wanda ya zo ya auna yadda maganin hydroxyurea ke rage tashin ciwon, da adadin da jiki zai ɗauka ba tare da ya durƙusar da ɓargo ba, shi ne ɗan fanni na biyu.

Me ake nufi idan an ce ya buga maƙala?

Rahoton gwaji ne: ga tambayar da muka yi, ga yadda muka gwada, ga abin da muka samu. Ana aika shi wa mujallar kimiyya, edita ya tura wa masana biyu ko uku na fannin, galibi ba tare da marubucin ya san su ba. Su ce a karɓa, ko a gyara, ko a ƙara gwaji, ko a mayar masa da kayansa. Wata shida ba wani abu ba ne a wannan kai-komo. Tantancewar ba ta tabbatar da cewa sakamakon gaskiya ne, domin masu dubawa ba sa maimaita gwajin. Abin da take cewa kawai shi ne waɗanda suka san aikin sun karanta, ba su ga ɓarakar da za ta hana a fitar da shi ba.

Mene ne ambato, kuma me ya sa malaman jami'a ke ƙirga shi kamar kuɗi?

Wanda ya yi karatun zaure ya riga ya san abin. Malami ba ya faɗin magana haka kawai, sai ya ce wane ya ruwaito daga wane. A kimiyya ma duk maƙala tana ƙarewa da jerin ayyukan da ta dogara da su. Idan wani a Japan ya kafa hujja da aikinka, ka samu ambato ɗaya. Eugene Garfield ne ya fara tattara waɗannan alƙaluma a tsare, kundinsa ya fara fita a 1964, yau kuwa kwamfuta ke yi.

Amma a nan ne ake yawan ruɗewa. A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu ɗari da aka fi ambata a tarihi. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry, masanin famakoloji a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, wadda ya buga a 1951, da ambato sama da 300,000. Me ya gano? Hanyar auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji. Duk wanda ya auna furotin da hanyarsa sai ya rubuta sunansa, kamar yadda duk mai awon hatsi ke buƙatar mudu. Ta biyu ta Laemmli ce ta 1970, ta uku ta Bradford ta 1976, su ma hanyoyin aiki ne. Ita kuwa maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA a shafi ɗaya da 'yan kai, ko cikin ɗarin ba ta shiga ba. Ba don an raina ta ba. Abin da ta faɗa ya shige littattafan 'yan sakandare, ba wanda ke jin sai ya kawo hujja kafin ya faɗe shi.

To ka ga ambato yana auna yawan masu amfani da aikinka a rubuce. Bai san zurfi ba. Kuma bai san yabo da suka ba: wanda ya ambace ka don ya ce ka yi kuskure, shi ma ya ƙara maka ɗaya.

Ɗan'uwana ya ce ma'aunin h ɗinsa 20 ne. Da yawa ne ko kaɗan?

Ma'anarsa yana da maƙalu 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya ƙirƙiro ma'aunin a 2005. Dabararsa ita ce ya haɗa yawa da karɓuwa wuri guda. Mai maƙala 200 da ba wanda ya waiwaya, ma'auninsa zai tsaya ƙasa. Mai maƙala ɗaya tak da aka ambata sau 10,000, ma'auninsa 1 ne, kuma nan ne ma'aunin ke nuna gazawarsa.

Ko 20 da yawa ne, sai an san shekarunsa a aiki da fanninsa. Ma'aunin ba ya raguwa, tafiya yake da shekaru, don haka gwada matashi da dattijo zalunci ne. Masu binciken kansa da ƙwayoyin gado suna da yawa a duniya, suna ambaton juna da sauri. Mai binciken dafin maciji a Kaltungo abokan fanninsa kaɗan ne, ko da aikinsa ya ceci manoma da yawa. Sannan ka tambaye shi daga ina ya ɗauko lambar. Shafin Google Scholar yana ƙirga kusan komai, har kundin digiri, shi ya sa lambarsa kan fi ta Scopus, wani rumbun ƙirgen ambato mai tace mujallu, girma ga mutum ɗaya. Idan ɗan'uwan naka bai fi shekara goma da gama digirin digirgir ba, kuma a Najeriya ya yi aikin, ka taya shi murna.

Makin tasirin mujalla fa?

Wannan na mujalla ne, ba na mutum ba. Ana ɗaukar ambaton da maƙalunta na shekara biyun baya suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Matsakaici ne, kuma 'yan maƙalu kaɗan ne ke jan shi sama. Auna mutum da makin mujallar da ya buga a ciki kamar a ce duk mai shago a kasuwar Balogun attajiri ne. Tun 2012 masana suka fitar da sanarwar San Francisco suna roƙon a daina amfani da shi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Jami'o'i da yawa sun ji, ba su daina ba.

Na ga maƙala mai sunaye goma sha biyar. Waye ya yi aikin?

A wannan fanni jerin sunaye yana da ma'ana. Na farko shi ne ya tsaya a kan teburin gwaji, galibi ɗalibin digiri ko matashin mai bincike. Na ƙarshe shi ne mai ɗakin gwajin, wanda ya nemo kuɗi ya kuma tsara tambayar. Na tsakiya sun ba da gudunmawa: wani ya kawo samfurin jini, wani ya yi lissafi, wani na'urarsa aka ara. Akwai kuma wanda aka sa wa alama a matsayin mai amsa wasiƙu, shi za a tuhuma idan wani abu ya taso.

Ka'idar editocin mujallun likitanci ta ce sai wanda ya sa hannu sosai a aikin, ya shiga rubutun, ya amince da shi, ya kuma yarda ya ɗauki alhakinsa. A aikace kowa ya san al'adar nan ta sa sunana in sa naka, da ta shugaban sashe da sai an rubuta shi ko bai leƙa ɗakin ba. Idan ka ga mutum da maƙala tamanin, kusan duk yana tsakiya, yau a kan ciwon suga, gobe a kan kifi, jibi a kan ƙasar noma, kada ka yi saurin cire hula. Nemi guda biyar da ya zo farko ko ƙarshe, ka ga ko zare ɗaya ya ratsa su.

Akwai wanda alƙalumansa ba su da yawa amma aikinsa ya kai ga marasa lafiya?

Akwai, kuma wataƙila maganinta yana cikin durowarka. Tu Youyou 'yar ƙasar Sin ba ta da digirin digirgir, ba ta yi karatu a ƙasar waje ba. A 1969 aka ba ta jagorancin wani rukuni a shirin sirri na gwamnatinsu mai neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Sun bi tsoffin littattafan magani, suka tsaya kan wani tsiro dangin tazargade. Da farko sakamakon yana yi yana ƙi. Sai ta lura da wani rubutu na Ge Hong, na ƙarni na huɗu, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse, bai ce a tafasa ba. Ta gane zafi ne ke lalata sinadarin. A 1971 ta tatso shi da ƙaramin zafi, ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye. Ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba marasa lafiya. Da aka buga sakamakon a 1977, ba a sa sunan kowa ba, sunan rukuni aka rubuta. Sinadarin shi ne artemisinin, uwar haɗaɗɗun magungunan zazzaɓi da ake kira ACT, irin su Coartem da ake sayarwa daga Idumota har Mile 12. Kyautar Nobel ba ta iske ta ba sai 2015, tana da shekara 84.

Gertrude Elion ma ba ta kammala digirin digirgir ba. Ɗakin gwajin da ta yi aiki da George Hitchings ne ya fitar da pyrimethamine, wato Daraprim da iyayenmu ke sha ranar Lahadi, wanda kuma yake cikin Fansidar da ake ba mata a wurin awon ciki. Daga nan trimethoprim na cikin Septrin ya fito. Dabararsu ita ce su nemi inda ƙwayar cuta ta bambanta da jikin mutum wajen haɗa DNA, su toshe wurin. Sun karɓi Nobel a 1988 tare da James Black, mai propranolol na hawan jini da cimetidine na gyambon ciki.

Sai Katalin Karikó, wadda Jami'ar Pennsylvania ta rage wa matsayi a 1995 saboda ta kasa samo kuɗin bincike. Maƙalar da ta buga da Drew Weissman a 2005, kan yadda za a gyara mRNA, wato nau'in RNA mai kai saƙon haɗa furotin, don kada garkuwar jiki ta far masa, ta yi shekaru ba a damu da ita ba. A kanta aka gina allurar korona ta Pfizer da ta Moderna. Nobel ta zo a 2023. Da kwamitin ƙarin girma ne ya auna ta a 2008 da ƙirgen ambato, da ya ce ta jira.

Duk waɗannan 'yan waje ne. A nan Legas an taɓa yin abin nunawa?

An yi, kuma wasunmu suna gari aka yi. Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, abin da ya ci ranta daga baya. Amma zato ba ya isa a tayar da gari, sai an tabbatar. Ɗakin gwajin ƙwayoyin cuta na Farfesa Sunday Omilabu a nan Idi-Araba ya gwada jinin, ɗakin Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's ma ya tabbatar. Hanyar da suka bi ita ce PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983: a ɗauki ɗan guntun umarnin gado na ƙwayar cuta a ninka shi sau miliyoyi har na'ura ta gan shi. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta ƙare a ƙasar. A birni mai cunkoson Legas, kwana biyu na jinkirin gwaji ba ƙaramin abu ba ne.

Haka a 2020. Ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da korona a jikin wani ɗan Italiya da ya shigo ta Legas. A farkon Maris cibiyar Happi ta ACEGID da ke Ede, tare da cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba da masu gwajin Idi-Araba da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, suka fitar da cikakken jerin haruffan gadon ƙwayar, na farko daga nahiyar Afirka. Ba su jira mujalla ba, sun ɗora shi a intanet kowa ya ɗauka. Wannan irin tasiri ma'aunin h ba ya kama shi da kyau.

A ɓangaren magani kuma akwai marigayi Farfesa Lateef Salako na Jami'ar Ibadan, wanda ya taɓa shugabantar NIMR. Ya daɗe yana nazarin yadda chloroquine ke tafiya a jikin mutanenmu. Duk wanda ya taɓa kwana yana susa bayan ya sha chloroquine ya san dalilin da ya sa ake buƙatar a gwada magani a kanmu, ba a kan Turawa kaɗai ba. Binciken da aka yi ta yi a asibitocin ƙasar nan kan yadda maganin ya daina aiki shi ya kai ga Najeriya ta koma ACT a 2005.

Jarida ta ce malaminmu yana cikin kashi biyu cikin ɗari na masana duniya, wai Stanford ce ta zaɓe shi.

Ba kyauta ba ce, kuma ba kwamiti ne ya zauna ya zaɓa ba. Lissafi ne da John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 2019 daga bayanan Scopus, kamfanin Elsevier ke ɗora shi. Jeri biyu ne, na tsawon rayuwar aiki da na shekara ɗaya, kuma shiga na biyun ya fi sauƙi. Abin farin ciki ne, alama ce cewa ana karanta shi. Jerin yana kuma nuna kason ambaton da mutum ya yi wa kansa, shafin da masu sanarwar taya murna ba su cika buɗewa ba.

Wai akwai mujallun bogi?

Jingim. Suna aiko da saƙon imel cike da kirari, su ce za su buga maka cikin sati ɗaya idan ka biya. A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya shirya maƙalar ƙarya da gangan kan wani sinadari da wai yana kashe kansa, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin aji biyu zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunayen marubuta da na cibiyoyin da ya ƙirƙira ya yi su ne kamar na Afirka.

Biyan kuɗi shi kaɗai ba ya nuna bogi. Manyan mujallu ma suna karɓa idan ana son kowa ya karanta kyauta: Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021. Abin dubawa shi ne ko akwai tantancewa ta gaske, da ko mujallar tana cikin rumbunan da ke tace mujallu, irin su PubMed ko Scopus ko DOAJ. Kuma kada a haɗa mujallun gida da na bogi. Da yawa daga waɗanda ke kan AJOL, shafin da ke tattara mujallun Afirka, suna aiki da gaskiya, kuma su ne ke buga abin da ya shafe mu wanda na waje ba su damu da shi ba.

Idan an gano maƙala ƙarya ce, me ke faruwa?

Ana janye ta, a buga mata tambari. A watan Mayu 2020 mujallar Lancet ta fitar da wani bincike kan maganin hydroxychloroquine da korona, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da nata gwajin na ɗan lokaci. Cikin sati biyu aka janye shi domin an kasa tabbatar da bayanan asibitocin da aka ce an tattara. Wannan an yi sauri. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, mai yara 12 kacal, wadda ta jefa tsoron allurar ƙyanda a zukatan iyaye, sai 2010 aka janye ta. Shafin Retraction Watch yana bin irin waɗannan. Janyewa ɗaya da marubuci ya nema da kansa don ya ga kuskure ba abin kunya ba ne. Biyar saboda hotunan gwaji da aka yi wa kwaskwarima, wannan wata magana ce.

Ranka ya daɗe, kullum muna jin an gano ganye kaza yana maganin suga. Ina maganin yake?

Wannan tambayar Alhaji mai kemis ce, kuma ta fi duk sauran ciwo. Sassan famakoloji na jami'o'inmu sun cika da maƙalu masu tsari ɗaya: a debo ganyen zogale ko darbejiya ko ɓawon maɗaci, a jiƙa a sinadari, a ba ɓeraye talatin, a auna, a buga. Ba laifi ba ne, matakin farko ne. Matsalar ita ce yawanci a nan ake tsayawa, domin maƙalar ta riga ta biya buƙatar ƙarin girma. Shekara mai zuwa sai a ɗauko wani ganyen.

Abin da ya rage shi ne mai tsada. Sai an ware sinadarin da ke aikin daga ɗaruruwan da ke cikin ganyen, a san siffarsa, a gano wane furotin yake kamawa a jiki. Sai a auna gubarsa ga hanta da ƙoda. Sannan gwaji a kan mutane hawa uku: 'yan kaɗan masu lafiya don a ga ko jiki zai ɗauka, ɗaruruwan marasa lafiya don a daidaita adadi, dubbai don a gwada shi da wanda ake da shi. Shekara goma zuwa goma sha biyar ake yi, kuma cikin goma da suka kai ga gwajin mutane kusan ɗaya ne ke fita. Kowane hawa sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar wanda za a gwada a kansa. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalili, tun abin da ya faru da gwajin maganin Trovan a kan yara lokacin sanƙarau na 1996.

Mun taɓa kusantar gaci. Cibiyar NIPRD ta Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, ta daidaita shi ta sa masa suna Niprisan. An gwada shi a kan masu sikila ta hanyar da marar lafiya da likita duk ba su san wanda ya sha na gaske ba, aka buga sakamakon a 2001, ya nuna raguwar tashin ciwo. An fara sayar da shi da sunan Nicosan a 2006, sai kamfanin da ke yin sa ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa shekaru. Kimiyyar ta yi nata, kasuwanci ne ya ba da mu. A wurina wannan aiki ɗaya ya fi maƙalun ɓeraye ɗari nauyi.

Me ke hana masu bincikenmu yin irin na waje?

Ba rashin basira ba ne. Kusan duk sinadarin gwaji daga waje ake sayo shi da dala, wasu kuma sai a cikin sanyi za su iso, ga jiran fito a tashar jirgi. Firjin ajiyar samfuri yana buƙatar sanyin digiri 80 ƙasa da sifili dare da rana. Na taɓa ganin samfurin jinin da aka yi wata takwas ana tarawa ya narke a ƙarshen mako ɗaya, saboda janareta ya tsaya ba wanda ya sani. Ɗalibar da ke da aikin ta zauna a ƙasa, ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya ko za a ƙara mata shekara. Akwai tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da na ƙungiyoyin waje irin su Wellcome, amma masu nema sun fi abin yawa. Shi ya sa idan na ga maƙala mai kyau da aka yi gaba ɗayanta a Yaba ko Zariya, nakan ba ta maki fiye da abin da kwamfuta ta ba ta. Nakan kuma duba haɗin gwiwa da 'yan waje da kyau: namu tsara binciken ya yi, ko jini kawai ya ɗebo aka sa shi a tsakiya?

Zan iya dubawa da wayata?

Ƙwarai. Rubuta sunan mutum a Google Scholar, idan yana da shafi za ka ga maƙalunsa da ambato da ma'aunin h. PubMed kyauta ne, na Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, yana ba da taƙaitaccen bayanin yawancin maƙalun da ke cikinsa. Hattara da sunaye masu kama: Abubakar M. ko Ibrahim A. suna iya zama mutum ashirin. Lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike mai harufa goma sha shida, ita ke raba gardama.

'Yata ta gama digiri a fannin harhaɗa magunguna, tana son ta ci gaba. Wane malami za ta nema?

Hajiya, kada ta fara da wanda ya fi kowa yawan maƙala. Ta buɗe ayyukansa na shekara biyar da suka wuce, ta ga ko sunayen ɗalibansa ne ke zuwa farko. Ta nemi biyu daga cikin waɗanda suka gama a hannunsa, ta tambaye su shekara nawa suka yi, da inda suke yanzu. Ta tambaya ko akwai kuɗin bincike a ƙasa, ko ita za ta sayi sinadarai da ɓeraye daga aljihunki, domin wannan yana faruwa kuma gara a sani tun wuri. Ta karanta maƙalarsa ɗaya daga farko har ƙarshe kafin ta je gaishe shi, ta riƙe tambaya ɗaya a kai. Idan ta samu shiga ɗakin gwajin, ta leƙa bayan ƙofa ta ga ko firjin yana kunne, ta kuma tambayi wanda ke kwana da makullin janareta.